Jinin da Ƙanena Ya Ɗiba Sau Biyu

Sau biyu ƙanena ya sa aka ɗebi jinina, shekara shida tsakani, kuma duka biyun ban yarda da shi ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goya shi, ni na sha wanke masa kashi. Amma idan mutum ya dawo daga ƙasar waje ya ce ki miƙo hannu a zuƙi jininki a kwalba, ko wane ne shi sai kin ƙare masa kallo. Dalili ɗaya ne ya sa na miƙa hannun. Ya ce akwai wani abu da ya shiga jinina ya zauna, ni kuma ina so in san ko zai fita.

Gidanmu yana wani lungu kusa da Ƙofar Wambai, kuma mu dukawa ne kaka da kakanni. Baba yana zama a zaure da askarsa da basillarsa, yana yanka yana ɗinki, mu kuma a cikin gida muke ƙarasa aikin. Mu shafa gam, mu goge fata da gindin kwalba har ta yi sheƙi, mu yanke zaren da ya leƙo. Akwai aiki guda da kowane ɗan gidan yake koya tun yana ƙarami, wato fesa ruwa da baki. Busasshiyar fata ba ta lanƙwasuwa sai ta sha danshi, idan kuma ka yayyafa mata ruwa da hannu sai ta yi tabo. Don haka sai ka guntsi ruwa, ka cika kumatu, ka matse leɓe, ka furzar da shi siriri ya sauka ko'ina daidai. A gidanmu kaf babu wanda ya kai ni iya wannan, kuma ba yabon kai ba ne. Baba ba mai yabo ba ne, amma duk jakar da ya ga tana da tsada, ni yake aiko wa.

Ina makarantar horon malamai ne aka fara zancen maganin ruwa. Wata Hajiya da take sarin jakunkunanmu tana kaiwa Legas ta zo tana mita, wai masu saye suna dawo mata da kaya, da ruwan sama ya taɓa jaka sai ta yi zane-zane. Ta ce ko dai mu nemo abin da zai hana fata shan ruwa, ko ta koma wani gidan. Bayan kwana biyu Baba ya shigo da wata shuɗiyar jarka da ya sayo a kasuwa, babu takarda a jikinta, babu suna. Abin da ke ciki fari-fari ne kamar ruwan wankin shinkafa, kuma ba shi da wani wari na a zo a gani. Aka gwada a ƙyallen fata, aka bari ya bushe, aka ɗiga ruwa. Ruwan ya dunƙule ya gangara, fatar ko laima ba ta yi ba. Muka taru muna kallo, Inna tana ta salati.

Mai jarkar ya haɗo mana da ɗan famfon roba na fesawa. Kwana biyu ya yi ya toshe, ya koma tofar da manyan ɗigo yana ɓata fata. Baba ya yi tsaki ya wurga shi bayan randa. Ya tsoma yatsa a jarkar ya ɗanɗana, ya ce ai ba ɗaci, ba yaji. Ya miƙo mini kofi ya ce in gwada yadda muka saba. Na guntsa na fesa, ya sauka lumui. Daga ranar aikin ya zama nawa da shi, amma nawa ya fi yawa, don shi yana da ɗinki a gabansa. Shekara huɗu na yi ina wannan, in dawo daga makaranta in ajiye jaka in ɗauki kofi. Idan na gama sai in kuskure baki in tauna goro, saboda bakin yakan yi santsi kamar na ci kitsen da ya huce. A iya sanina ban taɓa haɗiyewa ba.

Ƙanena kuwa tun yana yaro ya ƙi dukanci. Boko ya riƙe, har ya samu gurbin karatu a waje, ya karanta ilimin sinadarai, ya samu aiki a wani ɗakin awo inda suke gwada ruwan sha. Wata Babbar Sallah ya zo gida, ya yi ƙiba, yana yawo da gorar ruwansa a hannu kamar ruwan gidanmu zai kashe shi. Washegarin Sallah da la'asar ina tsakar gida, jakunkuna goma sha biyu a jere a kan tabarma, na cika kumatu ke nan sai na ji an fizge kofin daga hannuna.

"Yaya, tofar. Tofar yanzu."

Na tofar, amma a kan takalminsa, kuma da gangan. Na ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Ni za ka fizge wa abu?"

Bai kula ni ba. Ya tsuguna gaban jarkar yana jujjuya ta, yana neman rubutu. Ya ɗebi ruwa ya ɗiga a kan jakar da ta bushe, ya ga yadda ya gangara. Sai ya tambaye ni shekara nawa nake sa wannan a baki. Da na ce huɗu, sai ya zauna daɓas a ƙasa da farar shaddarsa.

A zaure ya yi mana bayani, ni da Baba. Ya ce akwai wani dangin sinadarai masu fulorin, ya kira haruffa huɗu na Turanci, PFAS, wai da su ake yin abubuwan da ruwa da mai ba sa kamawa: wasu tukwanen da abinci ba ya manne musu, wasu rigunan ruwa, wasu takardun naɗe abinci. Ya ce ba zai rantse cewa suna cikin jarkarmu ba sai ya auna, amma alama ta nuna. Matsalarsu, in ji shi, ba sa ruɓewa. Idan sun shiga jini sai su samu wuri su zauna, wasu sai an yi shekaru kafin rabinsu ya fita. Ya ce kusan kowa a duniya yana da ɗan kaɗan a jikinsa, amma wanda yake guntsarsu kullum lissafinsa daban ne. Na tambaye shi wace cuta suke sawa. Ya fara kame-kame, wai ana danganta su da matsalar hanta da ƙoda da wasu abubuwa, amma ba za a ce wa mutum ɗaya ga abin da zai same shi ba.

Baba ya saurare shi har ya gama, yana ci gaba da ɗinkinsa. Sannan ya ce, "To likita, shekara huɗu ko ciwon kai ba ta yi ba. Da guba ce ai da tuni mun yi jana'iza."

"Baba, ba irin wannan gubar ba ce. A bar ni in auna jininku, sai mu san inda muke."

Nan ne hankalina ya ƙi kwanciya. Mutanen garin nan suna da dalilinsu na tsoron allurar da ba su nema ba, tun gwajin maganin da wasu baƙi suka taɓa yi a kan yaransu, kuma ni 'yar garin ce. Ni malamar makaranta ce, ban yarda da zancen tsafi da maƙwabta suka fara ba da labarin ya fita lungu. Amma na yarda mutum yana iya sayar da komai. Na ce a raina, wa ya sani ko wata takardar digiri yake nema da jininmu, ya je ya tsaya gaban Turawa yana nuna su ga yadda danginsa suke shan guba da baki, su tafa masa. Na faɗa masa haka ƙiri-ƙiri a gaban Inna. Ya rantse da Allah babu wani rubutu, babu wani bincike, shi dai yana son ya san halin da 'yar'uwarsa da ubansa suke ciki. Na ce rantsuwa ba ta da wuya a bakin ɗan boko. Inna ta ce in ji tsoron Allah.

Kwana uku ina juya maganar. Abin da ya karya ni shi ne santsin nan na baki. A da ban damu da shi ba, amma tun da ya yi maganar sai na riƙa jin sa ko ban taɓa kofin ba. Ranar ta huɗu na ce mu je. Baba ya biyo mu, wai don kada a ce ya bar 'yarsa ta tafi ita kaɗai, ya ƙare shi ma ya naɗe hannun riga. Wani ɗakin gwajin jini ne mai zaman kansa a wajen ganuwa. Na tsaya a kan yarinyar da ta ɗiba har ta rubuta sunana a jikin kwalbar, na karanta da idona, na sa ta gyara harafi ɗaya. Na ƙirga kwalaben, biyu nawa biyu na Baba. Ƙanena ya cike takardun aikawa ɗakin awonsu na waje, ya kuma zuba maganin ruwan a wata ƙaramar kwalba daban.

Ya koma waje, wata biyu shiru. Kullum sai na ce wa Inna, kin gani ko, an sayar. Sai ga shi ya kira a waya, ya turo hoton takarda. Sunaye ne dogaye na Turanci a jere, kowanne da lamba a gabansa, ban fahimci ko ɗaya ba. Ya ce abin yana cikin jarkar, babu shakka. Ya ce na Baba ya haura abin da aka saba gani a jinin mutane nesa ba kusa ba, nawa kuma ya fi na Baba. Na tambaye shi maganin da zan sha. Ya ce babu wani magani da zai ce in je in saya, in dai daina taɓa abin, in bar wa lokaci. Bayan wasu shekaru a sake aunawa a ga yadda ya sauka.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ka tayar wa mutum da hankali, ka zuƙe masa jini, sannan ka ce babu magani. To me ya amfana mini da sanin? Na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

Amma na daina. Baba ya ɗan yi taurin kai na wata guda, yana fesawa a ɓoye idan na tafi makaranta, har Inna ta ɗauke jarkar ta kulle a ɗakinta ta ce sai dai ya zaɓa, ko ita ko jarka. Hajiyar Legas ta koma wani gida a Jakara. Na aika musu da saƙo ta bakin wata ƙawata cewa kada su sa abin a baki, suka ce baƙin ciki muke yi don an ƙwace mana ciniki. Ni kuwa na shiga neman wankin ciki da kaina. Jiƙon tsamiya, zoɓo ba sukari, ganyen zogale, ruwan zamzam da wata gwaggonmu ta kawo daga Hajji, duk wanda aka ce yana wanke jini sai na sha. Da na gaya wa ƙanena sai ya ce ba za su cutar da ni ba. Daga yadda ya faɗa na san dariya yake yi mini a ciki.

Shekara guda bayan haka na yi aure, na tare a Goron Dutse. Maigidana malamin sakandare ne, mutum mai sanyin hali. Tun kafin a sa rana na gaya masa zancen jinin, don ba na son a ce na ɓoye wani abu. Ya ce kowa da abin da yake ɗauke da shi, Allah ya sawwaƙe. Da na samu ciki na kira ƙanena na tambaye shi ko akwai abin da zan kiyaye. Ya sa na maimaita tambayar. Sannan ya ce in riƙa zuwa awo a kan lokaci, in ci abinci mai kyau, in bi abin da likita ya ce. Na ce wannan ai kowace mai ciki an gaya mata. Ya ce e, haka ne.

Na haifi ɗan farina lafiya lau, ƙato da shi. Na shayar da shi wata ashirin cif, wata shidan farko ko ruwa ban ba shi ba, yadda ma'aikatan asibiti suka ce. Surukata ta yi faɗa har ta gaji, wai zan kashe mata jika da ƙishirwa, na yi kunnen uwar shegu da ita. Ina alfahari da wannan, har a makaranta nake yi wa matasan malamai wa'azi a kai. Bayan na yaye shi da shekara biyu na haifi mace.

A tsakanin nan ne na lura da wata ɗabi'a da ƙanena ya ɗauko. Duk kiran da zai yi, bayan gaisuwa, sai ya tambayi yaro. Nauyinsa nawa, yana yawan zazzaɓi, an yi masa rigakafi duka? Sai kuma a ƙarshe, cikin sauri kamar wanda ake kora, ya ce, "Har yanzu bai kai yaye ba ko?" Namiji, gwauro, yana can wata duniya, me ya haɗa shi da yayen ɗana? Na ce wa maigidana yaron nan akwai abin da yake ɓoyewa. Ya ce ke dai ba kya rabuwa da zargi, kawu ne yana son ɗansa. Na ce na san shi tun yana tsumma, idan ya fasa kwano haka yake zagaye-zagaye.

Shekara shida da awon farko ya sake zuwa gida, wannan karon da damina. Yarinyar tana da wata takwas. Ni na fara tayar da maganar sake awon, ba shi ba, kuma na lura da hakan. Mutumin da ya matsa mana lamba a karon farko, yanzu sai da na tuna masa sau biyu. Ya ce ai ba dole ba ne, tunda mun daina taɓa abin. Na ce dole ne, kai ka ce a sake aunawa, shekara shida ina jira. Muka koma ɗakin gwajin nan, ni da Baba, wanda yanzu ido ya fara ba shi wahala har ya rage ɗinki. Na sake tsayawa a kan kwalaben, na sa aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Hutun ƙanena mai tsawo ne a wannan zuwan, don haka yana gari abokin aikinsa ya turo sakamakon.

Bai kawo mini ba. A bakin Inna na ji cewa takarda ta iso tun kwana huɗu, har ya karanta wa Baba nasa. Na kira shi na ce idan bai zo gidana gobe ba, ni zan zo in same shi a zaure gaban abokan Baba.

Ya zo bayan azahar, an ɗauke ruwa ke nan, maigidana yana makaranta. Babban yana gidan surukata, ƙaramar tana barci a ɗaki. Na shimfiɗa masa tabarma a baranda, na kawo masa ruwa, ya ajiye bai sha ba. Ya fito da takarda biyu ya jera, tsohuwa da sabuwa. Ya fara da na Baba. Ya sa yatsa a kan lambar da, ya sa a kan ta yanzu. Ta sauka, amma saukar tsoho daga kan jaki, a hankali. Ya ce haka ake tsammani, kuma wani suna ɗaya ma da babu shi a da ya ɗan leƙo, irin sababbin da kamfanoni suka koma yi bayan an hana tsofaffin a wasu ƙasashe. Ya ce wannan ƙila daga abinci ne ko ruwa, kowa yana samu.

Na ce, "Nawa fa?"

Ya turo mini. Ko ban iya karanta sunayen ba, na iya lamba. Nawa da ya fi na Baba a da, yanzu ya dawo ƙasa da nasa sosai. Wallahi ban san lokacin da na yi guɗa ba. Na ce alhamdu lillahi, ina mai dariyar tsamiya da zogale? Na ce ka koma ka gaya wa Turawanka wata 'yar dukawa a Kano ta gano maganin da suka kasa. Ina ta zuba, har na ce zan yi sadakar waina ranar Juma'a.

Sai na ga shi bai yi dariya ba. Yana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne an musanya kwalba. Na ce, "Wannan ba jinina ba ne ko? Sun haɗa da na wani."

"Naki ne, Yaya."

"To kai ka gyara lambar don hankalina ya kwanta."

"Ban taɓa komai ba."

"To me ya sa ka yi kwana huɗu kana ɓoyewa? Me ya sa fuskarka take kamar an aiko maka da rasuwa? Ni da Baba wata guda ne kawai tsakanin dainawarmu, shi ma ya sha tsamiyar nan, Inna ta ɗura masa. Don me nawa zai zube nasa ya tsaya?"

Ya ce jikin mace da na namiji ba ɗaya ba ne. Na ce wannan na sani tun kafin a haife shi, ya yi mini magana sosai. Ya sunkuyar da kai ya ce yana jin nauyina, wannan ba maganar da ƙane zai yi da yayarsa ba ce. Na ce lokacin da kake zuƙar jinina ba ka ji nauyina ba. Na tashi na tura ƙyauren gidan na sa sakata, na dawo na zauna. Na ce ba zai fita ba sai ya faɗa.

Ya faɗa, idonsa a kan tabarma. Ya ce abin yana bin jini ne, don haka duk hanyar da jini ko abin da jini ya haɗa yake fita daga jiki, yana bi. Namiji hanyoyinsa kaɗan ne. Mace tana rage kaɗan duk wata. Sai ya koma gyara takardun.

Na ce, "Ina jin ka."

"Sai ciki. Yana ratsa mahaifa ya isa ga ɗan. Sai nono. Musamman ɗan fari, kuma musamman idan an daɗe ana shayarwa."

Ban gane nan take ba, sai da na sake kallon takardar, lambar da da lambar yanzu, da tazarar da ke tsakaninsu wadda na gama yi wa guɗa. Sannan na gane inda tazarar ta tafi. Wani sashe nata yana gidan surukata yana wasan ƙasa, wani sashen yana barci a ɗakina. Na tuna wata ashirin ɗin nan, da yadda na hana yaron ko ruwa, da yadda nake bugun ƙirji a ɗakin malamai.

Na ce, "Ka san haka tun awon farko?"

"Na sani."

"Ranar da na kira ka ina da ciki, ka sani?"

"Na sani, Yaya."

Ban taɓa jin haushin ɗan'adam kamar yadda na ji nasa a wannan lokacin ba. Shekara shida ina zargin ya sayar da jinina, ina zargin yana neman suna da mu, ashe duk ban zargi abin da ya dace ba. Na ce masa munafuki. Na ce wa ya ba ka ikon yanke mini hukunci a kan 'ya'yana, kai da ko kaza ba ka taɓa kiwo ba? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba.

Bai kare kansa da ƙarfi ba. Ya ce ya tambayi likitocin yara a can, ba ɗaya ba, kuma amsarsu ɗaya ce: ko da abin yana jinin uwa, shawarar da ake bayarwa ita ce ta shayar, don amfanin nono ya rinjayi abin da ake tsoro. Ya ce ya san ni, da ya faɗa mini da na hana yaron nono tun ranar suna, na koma madarar gwangwani da ruwan da muke saye a kurar 'yan garuwa, wanda shi bai san abin da ke cikinsa ba, kuma gudawa tana kashe jariri a kwana uku. Abin da ke jinin kuwa, ƙila har yaran su tsufa ba zai yi musu komai ba, kuma yana raguwa a jikinsu yayin da suke girma. Ya ce kullum ya ɗauki waya da niyyar faɗa, sai kunya da tsoro su hana shi.

Na ce, "Ƙila."

Ya ce, "Ƙila. Ba ni da abin da ya fi wannan."

Na tambaye shi ko yanzu ma akwai sauran abin da ya rage bai faɗa ba. Ya ce babu. Na kalle shi, kuma gaskiya ban san ko in yarda ba. Mutumin da ya iya riƙe magana shekara shida yana gaishe ki da fara'a, ta yaya za ki gane ranar da ya gama faɗa? Ya ce idan na amince, za a iya auna yaran, a san inda suke. Na ce babu mai sake kusantar 'ya'yana da allura da sunan awo. Daga baya na ce ya bari in yi tunani, in yi magana da ubansu.

Muna nan zaune sai yarinyar ta farka. Ta fara da ƙananan kuka, irin na neman a zo, sannan ta buɗe murya. Lokacin shanta ya yi, ƙirjina ma ya gaya mini tun kafin ta farka. Na zauna ban motsa ba. Ƙanena ya ɗago ya kalle ni, ya buɗe baki zai yi magana, na ce idan ya ce uffan sai na mare shi. Ya tashi ya zare sakatar ya fita ya tsaya a waje.

Na shiga ɗaki na ɗauke ta. Ta jiƙe da gumi, tana ta cusa kai a rigata, tana jan wuyan rigar da hannu. Na yi ta zagaye ɗakin da ita ina jijjigawa, na ba ta ruwa a cokali ta ture, na ba ta ɗan kunun da ya rage ta furzar. Kukan ya ƙaru har ta fara shiɗewa. Ina tsoron abin da ke jikina, ina jin haushin ƙanena, ina jin haushin Baba da kofinsa, kuma na fi jin haushin kaina. Na zauna a bakin gado na yi bisimilla na ba ta. Ta kama da ƙarfi, ta yi ajiyar zuciya, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina tana kallona, ni kuma ina kuka ina gyara mata kai don ta sha da kyau.